Dalolin Mainasara

Mainasara dillalin albasa ne a Wurno, kuma a sana'arsa ba a yi masa wayo. In ya zura hannu a bakin buhu ya ɗauko guda ya murza ta a tafinsa, zai gaya maka ko ta Lahodu ce ko ta fadamar Goronyo, ko za ta kai Legas da ranta ko za ta ruɓe a hanya. Ya ba hamsin baya, yana da gida da rumfa da babur. Aibinsa ɗaya ne: ya ɗauka duk wanda ya san albasa ya san komai.

Shekarar da albasa ta yi tsadar da mata suka koma raba ƙwaya ɗaya miya uku, Mainasara ya samu sosai. Kuɗi suka zauna masa a aljihu, shi kuma suka hana shi zama.

Wata safiya yana rumfarsa sai ga Bube, wani Bafulatani da shanunsa ke cin karan gonar Mainasara bayan girbi tun shekara ashirin. Bayan gaisuwa Bube ya kwance wani ƙulli a bakin rawaninsa, ya fito da dala ta azurfa, irin wadda matan Fulani ke jerawa a wuya. Faɗinta ya kai bakin kofin shayi. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai jiki da mayafi a ka, a ɗayar kuma tsuntsu mai kai biyu.

"Ta innata ta, Allah shi jiƙanta," in ji Bube. "Shanu na zawo, ina son magani da dusa. In kana so ka ɗauka."

Mainasara bai san abin da zai yi da ita ba, amma saboda zumunci ya ba shi dubu talatin bai taya ba.

Da la'asar ya nuna wa maƙwabcinsa Malam Musaddiƙ, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare a Rabah kafin ya yi ritaya, ya koma zama gindin dogonyaro da babbar wayarsa. Malam ya sa tabarau, ya juya dalar, ya kai ta kusa da hanci. Sai ya cire tabarau ɗin ya dubi hagu ya dubi dama.

"Mainasara, ka san mi ar rubuce nan?"

"Da na sani da na kawo ma?"

"Dubu ɗaya da ɗari bakwai da tamanin. Shekarad da anka ƙera ta ke nan. Wagga dala ta girmi garin Wurno. Ta girmi jihadi."

Ya latsa waya ya nuna masa wani bidiyo: Turawa zaune a ɗaki, wani yana buga guduma a tebur, an sayar da wani tsohon kuɗi. Malam ya juya farashin zuwa naira, lambobin suka cika fuskar wayar har suka sauka layi na biyu. Gaskiya kuɗin da ke cikin bidiyon ba irin dalar Bube ba ne, na jikinsa ma namiji ne mai gemu. Amma duka biyun zagayayyu ne, duka biyun suna da kai, Malam kuma ya ce wannan shi ne abin dubawa.

Mainasara ya miƙa hannu da sauri. Ya karɓi abarsa ya jefa a aljihun ciki, ya dafe.

"Malam, wa yas san wanga zance?"

"Ni da kai da Turawa."

"To shi tsaya hakanan."

Kashegari ya nemo Bube ya tambaye shi, da muryar wanda ba ya damu ba, ko akwai mai irin wannan dala a danginsu. Bube ya ce goggonsa Mairo, da ke rugar bayan Rimawa, ba ta rasawa. Duk Lahadi tana kasuwar Goronyo tana sayar da man shanu.

"Amma in azurhwa kaka so," Bube ya ƙara, "ka tahi wurin Maccido maƙerin hwari. Rumhwatai na nan cikin kasuwa. Shi yas san kanta."

"A'a!" Mainasara ya faɗa da ƙarfin da ya sa Bube ja da baya. "Kak ka kuskura ka hwaɗa mai. Maƙeri in ya ji ƙanshin abu, kwashe shi yaka yi duka."

Ranar Lahadi ya sa Malam Musaddiƙ ya rubuta masa lambobin nan huɗu a tafin hannu da biro, ya hau babur sai Goronyo. Ya sami Goggo Mairo a layin masu nono, tsohuwa siririya, idonta ƙanana masu kaifi, ƙwaryar man shanu a gabanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ruga, ya tambayi shanu, ya sayi man da bai da niyyar saye. Sannan ya rage murya.

"Goggo, an ce kina da dala. Tsohuwa nika so. In ba tsohuwa ba, ban so."

Goggo Mairo ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Tsohuwa kaka so, ɗana?"

"Ita."

Ta zura hannu cikin zane ta fito da wata 'yar jaka, ta zaro guda ɗaya, baƙa ƙirin da datti. Ta ce ita kaɗai ta rage mata a duniya, kuma ba don ya zo da sunan Bube ba ko gani ba zai yi ba. Mainasara ya goge gefenta da yawu, ya buɗe tafinsa ya gwada. Ɗaya, bakwai, takwas, sifiri. Shekara ɗaya da ta farko! Ya yi ƙoƙarin ɓoye murnarsa kamar yadda yake yi in ya ga albasa mai kyau, amma kunnuwansa suka tona shi, don motsi suke yi. Goggo ta ga kunnuwan. Ta ce dubu arba'in. Ya biya.

Lahadi ta gaba ya koma don kawai ya gaishe ta, sai ta ce ai bayan tafiyarsa ta tuna da wasu biyu a gindin tukunya. Wata Lahadin, ƙanwarta ta kawo uku daga Nijar. Bayan nan kuma wata maƙwabciyarta ta rasu ta bar huɗu. Kowane mako dalolin da suka rage a duniya suna ƙaruwa, farashinsu ma yana ƙaruwa, daga arba'in zuwa hamsin, daga hamsin zuwa sittin. Kowacce kuma in ya duba, shekarar nan ce dai. Mainasara ya riƙa jin tausayin tsohuwar a ransa, har wata rana ya ƙara mata dubu biyu daga aljihunsa, don kada Allah ya kama shi da cin dukiyar wadda ba ta san abin da take riƙe da shi ba.

Rumfar Maccido maƙerin fari tana kan hanyar layin masu nono, taku ashirin tsakani. Mainasara bai taɓa bi ta gabanta ba. Yakan zagaya ta wurin masu busasshen kifi, ya ratsa ta bayan mahauta, ya tsallake kwata, ya ɓullo wa Goggo ta baya da rawani a rufe da rabin fuska. Ita kuwa ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

Bai tsaya ga Goggo kaɗai ba. Ya je Rabah da rana tsaka, don hanyar ba ta son yamma, ya bi gidajen tsofaffi yana tambaya. A tashar motar garin wani mutum mai jakar hannu ya ja shi gefe ya ce ya ji labarin yana neman kayan tarihi, ya sayar masa da takwas a kan dubu goma sha biyar kowacce, masu ƙyalli kamar yau aka haife su. Mainasara ya ji an ce ana gane azurfa da haƙori, ya ciji guda a gaban mutumin. Dalar ta lotsa kaɗan, haƙorinsa ma ya motsa kaɗan. Bai tabbata wanne ne alamar kirki ba, amma ya ga lambobin nan huɗu, ya biya.

A gida ya zuba su a kwanon sha mai murfi ya tura ƙarƙashin gado. Duk Juma'a bayan masallaci ya fito da su ya jera a tabarma, ya shafa su a hankali don kada baƙin tsufansu ya goge. Matarsa Suwaiba, mai sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida, mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi guda ɗaya sai an kwana uku ana jin ta. Ta tsaya a kansa wata Juma'a ta ƙidaya kawunan da ido.

"Baban Zakiyya, kac ce abin ga ba a samu nai duniya."

"Hakanan na."

"Kuma duka shekara guda anka yi su."

"Nan sirrin yake."

"To shin a waccan shekara mutane ba su yi noma ba? Ba su yi komi ba sai ƙera wagga mata?"

"Ke ƙuli-ƙuli kinka sani," in ji shi. "Bar ma maza tarihi."

Ta ce to, ta koma wurin kaskonta.

Da suka kai talatin da ɗaya, Mainasara ya ce lokacin girbi ya yi. Malam Musaddiƙ ya nemo lambar wani mai sayen tsofaffin kuɗi a Kano, suka jera dalolin a kan farin ƙyalle suka ɗauki hoto ta gaba da ta baya suka tura. Mainasara ya sa sabuwar riga don jiran amsa, ko da yake mutumin ba ganinsa zai yi ba. Can sai ga saƙon murya. Mutumin ya yi sallama ya ce su ɗora su duka a sikeli su faɗa masa nauyin, shi da giram yake saye.

"Sikeli?" Mainasara ya miƙe tsaye. "Tarihi za a aza ma sikeli awa tattasai? Ɓarawo na! Ya gane abin, so yaka yi shi saye arha."

Suka nemi wani a Kaduna. Shi ma nauyi ya tambaya, har ya ƙara da cewa takwas ɗin da ke layin ƙasa bai yarda da fuskarsu ba. Malam Musaddiƙ ya fara goge tabarau fiye da kima. Ya ce ai irin wannan harka tana son shaidar masani, a sami wanda zai duba ya tabbatar, sannan a yi magana da Turawa kai tsaye. Masani kuwa a duk yankin ɗaya ne.

Haka Mainasara ya wayi gari ranar Lahadi a gaban rumfar da ya yi wata uku yana zagayewa. Maccido dattijo ne gajere mai furfura, yana zaune a kan buzu tsakanin zuga-zugi da 'yan awartakai, yana gyara wani zobe. Mainasara ya sa shi ya yi alkawarin riƙe amana har sau biyu, sannan ya buɗe kwanon.

Maccido bai ko ɗaga gira ba. Ya ɗauki dalolin ɗaya bayan ɗaya yana sakinsu a kan wani sulɓaɓɓen dutse. Wasu suka yi ƙara siririya mai tsawo. Takwas na Rabah suka faɗi ɗif kamar an yar da ɗanyen ƙosai. Ya ware su gefe.

"Waɗanga dalma na. Sun yi kyau ga tarun masunta."

"Sauran hwa?" in ji Mainasara.

"Sauran azurhwa ta mai kyau, ba algus." Ya ɗora su a ɗan sikelinsa, ya yi lissafi a ka. "Dubu talatin da biyu kowace, in kana saidawa."

Mainasara ya yi dariyar wanda ya riga ya san za a yi masa haka.

"Baba, ba nauyi niz zo tambaya ba. Dibi shekara."

"Wace shekara?"

"Ga ta nan! Dubu da ɗari bakwai da tamanin!"

Maccido ya ajiye sikelinsa. Ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo babban gwangwanin madara, ya buɗe ya juye a gabansa. Daloli suka zubo suka yi tsibi, wasu suka gangara har ƙafar Mainasara.

"Zaɓo wadda ba ta da wagga shekara," in ji Maccido, "in ba ka ita kyauta."

Mainasara ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki biyu, ya ɗauki goma. Maccido ya bar shi ya gaji, sannan ya yi masa bayani a hankali. Matar da ke jiki wata sarauniya ce ta ƙasar Turawa, a shekarar nan ta mutu. Fatake suka saba da kuɗinta, ba sa karɓar wani, sai masu ƙerawa suka ci gaba da buga shi yadda yake, ba su sake taɓa shekarar ba. An yi ta bugawa zamanin kakanni, an buga zamanin iyaye, har yau ana bugawa. Alhazai ma suna shigowa da su.

Yana cikin magana sai ya tsaya, ya ɗauki wata daga kwanon Mainasara ya karkata ta wajen haske. Ya ɗauki wata. Ya nuna masa wani ɗan tabo kamar ƙwayar gero a gefen kowacce.

"Wanga shaidata ta. Duk wadda tab bi ta hannuna ina yi mata shi. Ina kas samo su?"

Kan Mainasara ya juya da kansa wajen layin masu nono.

"Af," in ji Maccido. "Ashe kai na. Ni ko ina ta mamaki, tsohuwag ga kowace Lahadi da sahe ta saye biyu, ta saye huɗu, nic ce ko ɗiyan rugarsu duka aure za su yi bana. Sabbi hwal nika ba ta. Wa yas shahwa musu wanga baƙi?"

Mainasara ya kwashe kayansa. A karo na farko ya bi hanyar taku ashirin ɗin nan kai tsaye, bai zagaya ta wurin masu kifi ba. Goggo Mairo ta hango shi tafe, ta gyara zama, ta rufe man shanunta da faifai.

"Goggo, tsakaninki da Allah! Nic ce maki tsohuwa nika so!"

"Kac ce."

"Kinka tahi rumhwar Maccido kinka sawo sabbi!"

Ta miƙo hannu, ya ba ta guda. Ta juya ta ta nuna masa hoton da ɗan yatsa.

"Dibi wuyanta. Dibi haɓa tai biyu. Wagga yarinya ta? Ta girme ni. Tsohuwa kat tambaya, tsohuwa nib ba ka. Ko sau guda na ba ka budurwa?"

Matan da ke layin suka fashe da dariya, har wata ta kusa kifar da nononta.

"Baƙin hwa? Wa yas shahwa musu?"

"Kwana ukku cikin tokar kashin shanu. Ranad da nik kawo ma mai haske ka yamutsa huska, nig ga mai datti kaka so. Mai saye shi ka hwaɗin abin da za a dahwa mai." Ta mayar masa da dalarsa. "Kuma ni na aike ka ka bi bayan mahauta? Rumhwa ga ta nan buɗe."

Mainasara ya jefa dalar a aljihu. Shekara talatin yana ciniki, ya san lokacin da aka kayar da shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dubu biyun da ya ƙara mata don tausayi. Ya tambaye ta su, ta ce ai waɗannan sadaka ce, ladansu na nan yana jiransa.

Kafin ya isa Wurno labari ya riga shi. Malam Musaddiƙ ya tafi Rabah ziyarar 'yan'uwa, ziyarar da ta ɗauke shi mako biyu. A rumfar albasa abokan sana'a suka riƙa tambayar Mainasara lafiyar amaryarsa Baturiya. Suwaiba kuwa ba ta yi masa gori ba, wanda ya fi zagi zafi. Ta dai karɓi kwanon ta kulle a akwatinta, ta ce tun da dai azurfa ce ba ta ruɓewa kamar albasa, a bar ta ta huta.

Aka yi damina, aka yi kaka. Mainasara ya koma buhunansa, ya daina amsa duk zancen da ya shafi ƙarfe. Bayan fiye da shekara, wata ranar Talata da hantsi, sai ga Maccido da kansa a ƙofar gida a bayan ɗan acaɓa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ce azurfa ta yi tashin da bai taɓa gani ba tun yana yaro, masu saye daga Kano sun kwashe gwangwaninsa kaf, ga masu aure sun ba shi aikin awarwaro. Zai sayi ashirin da ukun nan a kan dubu sittin da biyar kowacce.

Mainasara ya runtse ido. Kunnuwansa suka fara motsi.

"Baba, kai da kac ce ba su da wata daraja, yau ka hawo babur tun daga Goronyo? Akwai abin da kas sani. Turawa sun aiko ko? Ban saidawa."

"Ɗana, narka su zan yi."

"Hakanan za ka ce."

Daga bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida aka yi gyaran murya.

"Baba Maccido, sannu da hanya," in ji Suwaiba. "Mabuɗin akwati na wurina. Saba'in."

"Sittin da bakwai, ɗiyata."

"Saba'in, kuma ka tahi da takwas ɗin dalma kyauta, ka raba mu da su."

Maccido ya yi dariya ya ce ya sallama. Mainasara ya yi ta faɗa yana cewa a gidansa ake sayar da dukiyarsa bai yarda ba, amma bai tashi daga inda yake zaune ba. Da ƙyar aka bar masa guda uku, ciki har da ta innar Bube, wadda Maccido ya duba ya ce ita kam ta ga shekaru, ko da yake wannan bai ƙara mata ko sisi ba.

Da aka haɗa abin da ya shiga da abin da ya fita, har da asarar Rabah, sai aka ga riba ta fito, ba mai yawa ba amma riba ce. Suwaiba ta cire kuɗin injin niƙan gyaɗa, ta miƙa masa sauran. Da yamma Mainasara ya sa babbar riga ya fita gindin dogonyaro, inda ya tarar da Malam Musaddiƙ da sauran jama'a, ya zauna ya bayyana musu cewa shi dama tun farko azurfar ya hanga, zancen shekara dabara ce don kada mutane su farga. Malam Musaddiƙ ya ce ƙwarai, haka suka shirya su biyu. Ba wanda ya yarda, amma da yake Mainasara ne ya sayi shayin ranar, ba wanda ya musa.